Baƙi a Bayan Aji

A makarantar nan ba wanda ya kai Uwar Lissafi daɗewa, in ban da bishiyar da ke tsakar fili. Sunan da malamai suka sa mata ke nan. Yara kuwa suna da nasu sunan da suke kiranta da shi a bayan idonta, Malama Kun-Gane, domin ba ta taɓa juyowa daga allo ba tare da ta jefa musu wannan tambaya ba, su kuma ba su taɓa fasa amsa mata da baki ɗaya cewa sun gane ba. Ajinta shi ne na ƙarshe a firamaren, kuma shi ne wanda in ka wuce ta tagarsa ba ka jin komai sai ƙarar alli. Iyaye har roƙo suke zuwa yi a sa musu yara a wurinta. Ta san haka, kuma tana jin daɗinsa.

Sai aka yi shekara biyu a jere sakamakon jarrabawar fita yana zubewa, lissafi ne ma kan gaba wajen zubewar. Ofishin ilimi ya aiko da sabon tsari, cewa malamai su riƙa shiga ajin juna suna kallon darasi, bayan an tashi a zauna a faɗa wa juna gaskiya. Aka ce kowace makaranta ta tura mutum ɗaya kwas ya koyo yadda ake yi. Hedimasta ya duba ya duba, ya tura Takwara.

Takwara 'yar ƙanin Malama ce, sunanta aka sa mata, kuma a hannunta ta tashi tun tana rarrafe. Ita ta yaye ta, ita ta koya mata riƙe fensir, ita ta yi mata hanyar aikin koyarwa a makarantar. Har yanzu gida ɗaya suke kwana, a gida ta ce mata Goggo, a makaranta ta ce Malama. Ranar da Hedimasta ya sanar a ɗakin malamai cewa Takwara ce za ta fara zagaya azuzuwa, Malamin Tarihi ya ajiye kofin shayinsa ya ce lallai zamani ya zo, yau ƙwai ne zai koya wa kaza kwanci. Aka yi dariya. Malama ma ta yi, amma tata ba ta wuce leɓe ba.

Da layi ya zo kanta, ta shirya darasi kan lissafin ɓangare, rabi da kwata da 'yan'uwansu, ta cika allo da rubutunta mai kyau kamar na inji. Takwara ta shigo ta zauna a benci na ƙarshe kusa da Dogo, wani yaro da ke maimaita ajin, wanda gwiwoyinsa ba sa shiga ƙarƙashin tebur. Ba ta kalli allo sosai ba. Littattafan yaran da ke kusa da ita ta yi ta leƙawa, wannan ne ma ya fi ɓata wa Malama rai. Da aka kaɗa ƙararrawa ta yi godiya ta fita.

Da yamma suna kicin, Takwara na yanka albasa, Malama ta gaji da jira ta ce ta faɗi abin da ta gani. Yarinyar ta fara kewaye-kewaye, tana yabon rubutu da tsabtar allo da yadda aji ya yi tsit. Malama ta ce ba ta aike ta yabo ba.

Takwara ta ajiye wuƙar. "Goggo, yara biyar ne ke tafiya da ke, duk a layin gaba suke. Sauran kwafa kawai suke yi. In kin ce sun gane, tsoronki ne ke amsawa."

Malama ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta tambaye ta shekara nawa ta yi tana riƙe alli da har za ta auna ta, ta tuna mata likitoci da injiniyoyin da suka bi ta hannunta, ta tuna mata cewa ita kanta a wannan ajin ta zauna. Takwara ta sunkuyar da kai ta ce haka ne, amma ita a layin gaba ta zauna, kuma in ta dawo gida Goggo ce ke sake yi mata darasin a tabarma. Maigidan Malama, tsohon direba da ya ajiye aiki, ya leƙo ya tambaya ko taron malaman zai bari a ci abinci yau. Takwara ta koma kan albasarta.

Washegari Malama ta zo da kwalayen da ta yanka daga wani tsohon kwalin sabulu, ba don ta yarda da maganar ba, sai don ta ƙaryata ta. Ta taɓa jin Takwara na faɗa wa wani malami dabarar: kowane yaro ya rubuta amsarsa a kwali da alli, a ɗaga gaba ɗaya, ba mai laɓewa a bayan wani. Ta rufe ƙofar aji, ta raba kwalayen, ta yi tambayar da take ganin ko ɗan aji uku zai amsa. Ɗaya bisa uku da ɗaya bisa biyar, wanne ya fi girma?

Kwalaye suka tashi. Ta fara daga layin gaba, ta ji sanyi a ranta. Ta wuce layi na biyu, sanyin ya fara gushewa. Daga nan har bango, kusan kowa ɗaya bisa biyar ya rubuta, tunda biyar ta fi uku. Wasu ba su rubuta komai ba, suna riƙe da kwali fayau suna kallon na maƙwabta. Wannan darasin ta yi shi tun farkon zango, ta tambaye su, sun ce sun gane. Daga baya ta ce su ajiye, ta tattara kwalayen ta tura su ƙasan kabad, ba ta faɗa wa kowa ba.

Ba a yi mako ba Hedimasta ya kira ta ofis, ta tarar da Takwara a zaune. Ya ce ofishin ilimi zai turo Sufeto da malamai daga makarantun da ke kusa su kalli darasin misali, su ga ko sabon tsarin ya fara aiki, kuma ajinta ya zaɓa domin ba shi da wanda ya fi shi. Mutum ne mai ƙiba da yawan gumi, ba mugu ba ne, amma an riga an faɗa masa cewa in makarantar ta sake faɗuwa za a ɗauke shi a kai wani wurin. Ya sa Takwara ta tura ƙofa, ya rage murya ya shimfiɗa dabararsa. A yi darasin da yara tun kafin ranar har su haddace. In an yi tambaya kowa ya ɗaga hannu, wanda ya san amsa ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu, ita kuma ta san wanda za ta nuna. Dogo da ire-irensa a tura su gyaran sito.

Takwara ta ce, cikin ladabi, in aka yi haka ba abin da baƙin za su koya, su ma ba abin da za su koya. Hedimasta ya ce ita yarinya ce, ba ta san yadda ake cire mutum daga kujera ba. Ya juya ga Malama. Ita kuwa abin da ke gabanta shi ne kwalayen nan da ke ƙasan kabad, da fuskokin malaman da za su zo, waɗanda wasunsu ɗalibanta ne. Ta ce ta ji, za a yi yadda ya ce.

Aka shiga haddar darasi. Yara suka ɗauki abin wasa, suna dariya in wani ya manta ya ɗaga hannun da ba shi ba. A gida magana ta ƙare tsakanin Malama da Takwara sai gaisuwa. Yarinyar ta kan gama aikinta ta shige ɗaki. Sau ɗaya kawai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, in Goggo ta sake shawara, abu biyu ne suka fi taimaka mata a nata ajin: ta tambayi yaro yadda aka yi ya samu amsarsa ko da kuskure ce, sannan ta yi shiru ta jira shi. Malama ta ce ta gode da karatu. Maigida da ke sauraron rediyo ya ce shi dai a zamaninsa in mota na ƙara ba ya ƙara wa rediyo murya, buɗe bonet yake yi. Ta ce masa ya ji da rediyonsa.

Ana gobe baƙi za su zo, bayan an tashi, Dogo ya tsaya har kowa ya fita. Ya zo gaban teburinta yana murza gefen rigarsa.

"Malama, ni gobe sito zan tafi ko hagu zan ɗaga? In sito ne sai in zo da tsintsiya daga gida, ta makaranta ta karye."

Ba da gatse ya faɗa ba, tambaya ce kawai ta wanda ya san matsayinsa ya kuma yarda da shi. Malama ta dube shi. Shekara biyu ke nan yana zaune a gabanta, ba ta iya tuna ranar da ta ji muryarsa a kan wani abu da ya shafi lissafi ba. Ta ce ya bar tsintsiya a gida, ya zo ya zauna a wurinsa.

Baƙi suka iso da hantsi. An jera musu kujeru a bayan aji har sun toshe hanyar kabad. Sufeto mace ce siririya mai tabarau, ba ta da yawan murmushi. Hedimasta ya zauna kusa da ita da hankici a hannu, ya hango Dogo a bencinsa, ya harari Malama. Takwara ta tsaya a jikin bango can kusurwa. Malamin Tarihi ma ya samu wuri a bakin taga.

Darasi ya fara tafiya kamar an shafa masa mai. Malama ta yi tambayar farko, hannaye suka tashi gaba ɗaya, ta nuna wata yarinya a layin gaba, amsa ta fito daidai. Ta yi ta biyu, haka. Ta ji wani baƙo yana cewa a hankali, ka ga aji. Hedimasta ya saki jiki ya jingina. A tambaya ta uku ne ta tsaya ta kalli hannayen da kyau. Baƙin da ke baya ɗokin yara suke gani. Ita da ke gaba hagu take gani, hagu, hagu, har bango, yara suna miƙa su da ƙarfi suna murmushi, kowanne yana faɗa mata a fili cewa bai sani ba, kuma ita ce ta koya musu yadda za su faɗa ba tare da kowa ya ji ba. Ba su taɓa gaya mata gaskiya irin ta yau ba.

Ta ce su sauke hannu. Ta taka har bayan aji, ta roƙi wani baƙo ya ɗan matsa da kujerarsa, ta durƙusa ta jawo kwalayen daga ƙasan kabad. Hedimasta ya yi gyaran murya, ba ta waiwaye shi ba. Ta ba yaran layin gaba su raba, ta koma allo ta goge abin da ke kai, ta rubuta tambayar da ba ta cikin hadda: ɗaya bisa biyu a tara da ɗaya bisa biyu.

Yara suka kalli juna. Wani ya fara ɗaga hannun hagu, ya ga ba wanda ya bi shi, ya sauke. Ta ce kowa ya rubuta nasa, kada a leƙa na wani, in ta ce a ɗaga a ɗaga. Da kwalayen suka tashi, ta ce su juya su baya baƙi ma su gani. Mafi yawa biyu bisa huɗu suka rubuta. Sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa.

Ajin ya yi shirun da ba irin wanda ta saba da shi ba. Sufeto ta gyara tabarau ta miƙe zaune. Hedimasta ya kafa ido a ƙasa. Malama ta ji tsawa na taso mata daga ciki, irin wadda ta saba yi, ta ce sau nawa za ta faɗa musu, ta ɗauki alli ta rubuta amsar a wuce wurin. Ta haɗiye ta. Ta nufi wata yarinya a layi na huɗu, 'yar ƙarama mai yawan ɓoye fuska a bayan littafi, ta tambaye ta yadda aka yi ta samu biyu bisa huɗu.

Yarinyar ta miƙe ta sunkuyar da kai. Malama ta jira. Ta ji kujerar wani baƙo ta yi ƙara, ta ji ana buga ƙwallo can a fili. Bakinta na ƙaiƙayin ya ƙarasa wa yarinyar magana, ta danne harshenta da haƙori. Idon yarinyar ya kawo ruwa. Malama ta rage murya ta ce ba duka, ba faɗa, so take kawai ta ji hanyar da ta bi. Can dai yarinyar ta ce, da muryar da sai an kasa kunne, ɗaya da ɗaya biyu, biyu da biyu huɗu.

Malama ta ce ta gode, ta zauna, kuma hanyar da yawancin ajin suka bi ke nan, don haka ba ita kaɗai ba ce. Ta yage takardu daga wani tsohon littafi ta raba wa kowane benci ɗaya. Ta ce su ninka biyu su nuna mata rabi. Suka nuna. Ta ce su sake ninkawa ta zama gida huɗu, su shafa wa gida biyu alli, su faɗa mata abin da suka gani, kuma an yarda su yi magana da na kusa da su.

Ajin da ba a taɓa jin motsinsa ba ya kaure da surutu. Wasu na gardama, wasu sun yaga takardar, wasu biyu har sun fara jan ta tsakaninsu. Malama na bi benci benci, gyalenta na zamewa, tana jin idon baƙi a bayanta kamar ƙaya. Ta san yadda abin yake a ido: tsohuwar malama ta kasa riƙe ajinta.

Daga can baya aka ce, "Malama." Dogo ne, bai ɗaga hannu ba, takardar ya ɗaga. "Biyu bisa huɗun nan ai rabi ne. To in rabi da rabi suka ba da rabi, ina ɗaya rabin ya tafi?"

Wani yaro ya ce ɓera ya cinye, aji ya fashe da dariya, har wasu baƙin. Malama ba ta amsa ba, ta ce wa zai nemo wa Dogo rabinsa. Yarinyar nan ta layi na huɗu ta karɓi takardar bencin da ke kusa a ninke, ta haɗa wannan rabin da rabin ta bencinsu, ta ɗaga. Takarda guda cur.

Malama ta sake ba su wata tambayar mai kama da ita, kwata da kwata. Kwalaye suka tashi. Wajen rabin ajin sun samu, sauran sun koma gidan jiya. Tana shirin bi ta kansu aka kaɗa ƙararrawa. Ko sulusin abin da ta tsara ba ta yi ba.

A ofis Sufeto ba ta yi wani dogon yabo ba. Ta ce darasin bai kai ƙarshe ba, lokaci ya tsere, hayaniya ta yi yawa a tsakiya, kuma rabon takardun ya ci mintoci da ya kamata a ce an shirya tun kafin a shigo. Sannan ta cire tabarau ta tambayi abin da ya ɗaure mata kai: yaya aka yi a farkon darasi kowa ya san komai, a tsakiyarsa kuma aka nemi sanin aka rasa?

Hedimasta ya daina share gumi. Takwara ta kalli Goggonta. Malama ce ta amsa.

"Na farkon hadda ce, ranki ya daɗe. Ni na haddatar da su saboda zuwanku. Na biyun shi ne ajina."

Ba ta ambaci Hedimasta ba, ba ta kuma dubi inda yake ba. Sufeto ta dube ta, ta kalli Hedimasta, ta mayar da tabaranta. Ta ce za ta dawo kafin ƙarshen zango ba tare da sanarwa ba, kuma na biyun take so ta tarar. Ta ce wa Takwara ta ga cewa kowane aji ya samu kwalayen nan.

Hedimasta bai yafe ba. Ya daina shigowa ajinta gaisuwar safe, kuma a ɗakin malamai ya ce wasu sun fi son su nuna tsiraicin makaranta a gaban baƙi. Iyaye biyu suka zo ƙorafi cewa ajin Malama ya zama kasuwa. Manhaja ma ba ta ƙare ba, domin ta koma baya ta kwance abubuwa da yawa da ta ɗauka an wuce su. Akwai ranakun da tsohon hali ya kan dawo, ta yi ta zuba bayani ita kaɗai har ƙararrawa, sai ta dawo gida ta faɗa wa Takwara da kanta, suna tsinke ganye, su yi ta musun inda darasin ya karkace. Wani lokaci yarinyar ce ke da gaskiya, wani lokaci Malama ta nuna mata abin da kwas bai koya mata ba. Maigida ya ce shi dai ya gode wa Allah da abinci ya dawo kan lokaci.

Sakamakon shekarar ya ɗan ɗaga, ba sosai ba. Dogo ya tsallake da ƙyar. Da aka dawo hutu Hedimasta ya karanta sabon rabon azuzuwa, ya ba wani saurayi ajin ƙarshe, ya mayar da Uwar Lissafi aji uku, ajin da ake ba sababbin ɗauka. Malamin Tarihi ya buɗe baki zai yi magana, ta girgiza masa kai. Abin ya yi mata ciwo, ba ta ɓoye wa kanta ba. Amma ta riga ta lura cewa yawancin abin da ke kayar da yaranta a can sama, daga nan ƙasa yake farawa.

Ajin na ƙarshen baranda ne, kusa da famfo, tagarsa ɗaya ba ta rufuwa. Ta shiga ta tarar da yara ƙanana sun cika shi, wasu uku a benci ɗaya, ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa. Suka miƙe suka gaishe ta da ƙarfi, suna zare ido, domin labarinta ya riga ta isowa. Ta ce su zauna. Teburin malami ya yi nisa da su, don haka ta kira manyan cikinsu su taya ta, suka ja shi gefe, ta fara tambayarsu sunayensu ɗaya bayan ɗaya.